Ba Kashin Ɓera Ba Ne

Shekara ashirin da shida Baba Kuku ya yi yana dafa wa ma'aikatan kamfanin katifa abincin rana, bai taɓa fashi ba sai wata Laraba da aka tura shi asibiti a duba masa ido. A ranar kuma abin ya faru.

Kicin ɗin a bayan ɗakin ɗinki yake, bango ɗaya ya raba su. Idan kekunan ɗinki suka tashi gaba ɗaya, ludayin da ke rataye a ƙusa har rawa yake yi, kuma Baba Kuku ya sha cewa daga rawar ludayin nan yake gane ko an fara jin yunwa a can ciki. Mutum arba'in da 'yan kai ne ke aiki a ɗakin, tagogi a rufe ruf don kada iska ta watsa auduga. Sau uku a mako ana ba su wake. Duk wanda ya san wake, ya kuma san ɗaki mai rufaffun tagogi, ya san abin da ya kamata a ce yana faruwa bayan an koma aiki. Amma ba ya faruwa, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Dalilin yana cikin wata tsohuwar kwalbar zuma da ke ɓoye a bayan gwangwanin gishiri. 'Yan ƙwayoyi ne ƙanana, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, launinsu ƙasa-ƙasa, kowace da zane a gadon bayanta kamar an ja da allura. Baba Kuku ya taɓa aro gilashin mai gyaran agogo ya ƙirga layukan. Biyar ya samu a kowace ƙwaya, kuma ya duba ƙwaya sittin kafin mai agogo ya gaji ya karɓe abinsa. Mai kayan ƙamshin da ke sayar masa yana kiransu ajawan. Idan ka tauna su ɗanye, ɗaci ne da yaji za su cika maka baki, harshe ya yi kamar ba naka ba. Amma shi Baba Kuku yakan ɗebo da yatsu uku, ya ɗan dandaƙa a ƙaramin turmi, ya watsa a mai mai zafi tun kafin albasa ta shiga. Sai su yi 'yar ƙara tas-tas, ɗacin ya gudu, ƙamshin ya zauna. Kafin wake ya nuna sun ɓace a cikinsa, ba mai ganinsu. Ciki ne kawai yake sanin sun zo, don ba ya kumbura, ba ya kuka.

Mutum ɗaya ce ta san da kwalbar, Inna mai wanke-wanke, wadda ta shekara tara tana aiki tare da shi. Ranar Talata da zai tashi ya ce mata, "Inna, gobe tukunya taki ce. Kada ki manta da na bayan gishiri."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce nawa ba, bai ce yaushe ba. Ita kuwa kullum idan yana wannan aikin tana can gindin famfo, bayanta take ba shi. Sai da wake ya nuna, ta sauke, sannan ta tuna. Ta ce a ranta abin alheri ai ba ya yawa, ta cika hannu ta watsa a kai, ɗanye, ta juya sau biyu. Ƙwayoyin suka taso suka zauna a sama, baƙi-baƙi, jiƙe da mai.

Dogo mai yankan soso ne a gaban layi kamar kullum. Ya karɓi kwanonsa, ya kai cokali, ya tsaya. Ya matsa kusa da taga ya sake dubawa.

"Jama'a," in ji shi, "kowa ya ajiye cokali. Kashin ɓera!"

"Kai Dogo, bar wasa da abinci."

"Wasa? Zo ka gani. Wannan ba ɓera ɗaya ba ne, da iyalinsa ya zo."

Kafin Inna ta fito daga kicin ɗakin cin abinci ya kaure. Wata ta ruga waje tana kakarin amai alhali ko loma ɗaya ba ta kai ba. Inna ta yi ta rantsuwa cewa kayan ƙamshi ne, amma da aka tambaye ta sunansa sai ta ce ba ta sani ba, na Baba ne. Wannan ya ƙara dagula al'amarin.

Washegari Baba Kuku ya iso da auduga manne a ido ɗaya, ya tarar an sa wa kicin kwaɗo. Aka ce Manaja na nemansa.

A ofis ya samu Manaja a zaune, a gefensa jami'ar tsabta, wadda wata uku ke nan da zuwanta, ma'aikata suna kiranta Farar Riga. Kwalbar zumar tana kan tebur, kusa da wata takarda da biro.

"Baba, zauna," in ji Manaja. "Yaya idon?"

"Ido da sauƙi, ranka ya daɗe. Ko da guda ɗaya ina ganin kwalbata a inda ban ajiye ta ba."

Manaja ya yi 'yar dariya, ya turo takardar. "Abin ba mai tsawo ba ne. Ka sa hannu a nan, a liƙa a allo, a cire maka kwaɗon kicin."

Baba Kuku bai yi nisa a makaranta ba, karatunsa a hankali yake tafiya, yana bin kalma da yatsa. Ya bi layin farko, ya bi na biyu. A na uku yatsan ya tsaya. An rubuta cewa shi, mai dafa abinci, ya amince ɓera ya shiga sito saboda sakacinsa, ƙazanta ta shiga abinci, kuma ya yi alkawarin kiyayewa.

Ya ɗago. "Wane ɓeran?"

"Baba."

"A'a, tambaya nake. Wane ɓeran? A nuna mini shi mu gaisa. Shekara ashirin da shida ina kwana da makullin siton nan a aljihu, ban taɓa ganinsa ba."

Ya jawo kwalbar, ya buɗe, ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya murza da babban yatsa, ya miƙa wa Farar Riga. "'Yata, ke kika yi karatun. Shinshina. Ɓeran da yake irin wannan kashin, ai sai a kama shi a yi kiwo."

Ba ta yi dariya ba. "Na riga na shinshina, Baba. Na san ba kashin ɓera ba ne. Na duba, na ga abin da ake cewa yana yi wa kumburin ciki, ban musa ba. Amma ga takardar kayan da aka yarda su shiga tukunyar kamfani. Babu shi a ciki."

"Lokacin da na fara sa shi babu takardar ma."

"Yanzu akwai. Kuma bari in tambaye ka. A ɗakin ɗinki akwai masu juna biyu mutum uku. Akwai mai gyambon ciki. Akwai wadda ko gyaɗa ta ci sai jikinta ya yi ruɗu-ruɗu. Ka taɓa tambayar ɗayansu? Ka taɓa ce musu ga abin da nake ba ku?"

Baba Kuku ya dubi ƙwayoyin da ke hannunsa. Ya daɗe yana ɗaukar abin nan a matsayin wata kyauta da yake yi wa mutane a ɓoye, irin wadda bayyana ta ke rage mata lada. Bai taɓa kallonsa ta wannan gefen ba.

"Wannan kin kama ni," in ji shi. "Ban faɗa ba, kuma ya kamata in faɗa. To a rubuta haka. A rubuta cewa tsohon nan ya shekara ashirin da shida yana sa ajawan a wake bai gaya wa kowa ba. Sau biyu zan sa hannu, sama da ƙasa."

Farar Riga ta juya ta dubi Manaja. Shi kuwa ya gyara zama, ya rage murya.

"Baba, ka gane mana. In na rubuta haka, hedikwata takardar za ta tafi. Za su ce ni ina ina duk shekarun nan ana zuba wa ma'aikata abin da ba a tantance ba? Amma ɓera, ai ɓera ne. Kowane sito yana da shi. A sa tarko, a yi feshi, magana ta mutu. Ba wanda za a kora a kan ɓera."

"Wato ɓeran ne zai cece mu duka."

"Kusan haka."

"Ni kuma in zama wanda ya ciyar da mutane kashi."

"Sati biyu an manta."

"Su za su manta, ranka ya daɗe. Ni zan riƙa tunawa duk sanda na ɗauki ludayi."

Manaja ya tashi tsaye. "Ka je gida ka huta, idonka ma yana bukata. Nan da Alhamis mai zuwa ka dawo. Ko ka sa hannu, ko ka ajiye makullin sito. Ba ni da na uku."

Baba Kuku ya mayar da ƙwayoyin hannunsa cikin kwalba ɗaya bayan ɗaya, har wadda ta maƙale a tsakanin yatsu, ya rufe, ya sa a aljihu. Ba wanda ya hana shi.

A gida matarsa ta saurari labarin tana tsince shinkafa a faranti.

"To ka sa hannun mana, Malam. Ɓeran zai kai ka ƙara ne don ka yi masa ƙazafi?"

"Ba ɓeran nake ji ba."

"Na sani. Kanka kake ji, kullum haka kake. Mutumin da ya kwana uku ba ya magana da ni don na ce miyarsa ta yi gishiri." Ta hure ƙaiƙayi daga farantin. "Shekarunka nawa? Wa zai ɗauke ka aiki da ido ɗaya a ɗaure?"

"Za a kwance shi ranar Litinin."

"Au, to shi ke nan, an warware matsala."

Ya yi murmushi. Ya fita tsakar gida ya zauna kusa da wani gwangwani da ya cika da ƙasa. Sau bakwai yana shuka ajawan a cikinsa, sau bakwai yana fitowa siriri kamar gashin jariri, ya yi kwana goma ya kwanta. Bai daina ba. Yana son ya ga furensa da idonsa ko sau ɗaya, don mai kayan ƙamshi ya ce masa fari ne, a buɗe kamar lema.

Ranar Asabar da hantsi Inna ta yi sallama. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara kuka.

"Baba, ni na jawo maka. Zan je in gaya wa Manaja ni na zuba, a kore ni ni."

"Ya sani, Inna. Ba wanda ya zuba yake nema ba, wanda zai ce ɓera ne yake nema. In kin je ke zai miƙa wa biron. Za ki sa?"

Ta share ido da gefen mayafi. "Ina da marayu huɗu, Baba."

"Shi ya sa na ce ki zauna. Laifin nawa ne, shekara tara ban taɓa ce miki juyo ki gani ba. Yaya kicin?"

"Ni suka ba. An ce gishiri da albasa da mai, ko barkono sai an auna." Ta ɗan saki fuska. "Jiya an yi wake. Wajen ƙarfe uku sai ga shugaban ɗinki ya fito yana fifita da kwali, wai a buɗe tagogi ko ya ajiye aiki. Aka buɗe. Iska ta kwashi auduga ta watsa har kan titi, mutane suna ta kamawa."

Baba Kuku ya yi dariya har sai da idon ya yi masa zafi. Matarsa daga ɗaki ta ce, "Yi ta dariya, ita za mu dafa."

Ranar Alhamis bai nufi ofis ba. Ya jira sai da aka buga ƙararrawar abincin rana, ya shiga ɗakin cin abinci da wankakkiyar rigarsa ta aiki, an kwance masa idon. Hayaniya ta ɗauke. Ya je tsakiyar ɗaki ya ajiye kwalbar a kan tebur.

"Ku ci abincinku, ba wa'azi na zo yi ba," in ji shi. "Wannan shi ne abin da kuka gani ranar Laraba. Sunansa ajawan. Tun kafin a haifi wasunku nake sa muku shi a wake. Kaɗan nake sawa, in soya shi a mai, shi ya sa ba ku taɓa ganinsa ba. Yana kwantar da ciki, yana hana kumburi. Ba ya maganin talauci, ba ya mayar da tsoho yaro, in da yana yi da kun gani a jikina. Laifina ɗaya, ban gaya muku ba. Mai juna biyu da mai ciwon ciki, ya kamata a ce sun sani su tambayi likita. Wannan na ɗauka, ku yafe mini."

Ya buɗe kwalbar ya miƙa wa Dogo. "Kai ka fara gani, kai za ka fara ji."

Dogo ya karɓa kamar an ba shi kunama. Ya kai hanci a hankali. Ya sake kaiwa.

"Kai! Wallahi ƙamshin waken Baba ne. Shi ne abin da babu a wannan." Ya nuna kwanonsa da haɓa. "Inna, ba don na raina miki ba."

"Ci ka yi shiru, uban 'yan sharri," in ji Inna daga bakin kicin. "Ba kai ka tara mana jama'a ba?"

Kwalbar ta shiga zagaya tebura. Wani ya tauna ƙwaya ɗaya ya yamutsa fuska, aka yi masa dariya. Wata daga cikin masu juna biyun ta shinshina ta ce ita dai da an gaya mata da ta fi jin daɗi, Baba Kuku ya ce gaskiyarta. Ana cikin haka Manaja ya shigo, takardar a hannunsa, Farar Riga a bayansa.

"Baba, a ofis na ce."

"A allo ka ce za a liƙa, ranka ya daɗe, don su karanta. To ga su. Karanta musu."

Manaja ya dubi ɗakin. Mutum arba'in suna kallonsa, cokula a tsaye. Ya ninke takardar biyu.

"Ba a yi wa kamfani taro a ɗakin cin abinci. Tambaya ɗaya ce. Za ka sa hannu?"

"A kan ajawan, yanzu ma. A kan ɓera, ko an yanka ni."

"Yallaɓai," in ji Farar Riga a hankali, "zan iya rubuta rahoton gaskiya, in nemi a ƙara shi a jerin kaya. Zai ɗauki wata uku ko huɗu, amma ana yi."

"Ba ke na tambaya ba."

Dogo ya miƙe, tsawonsa har kusa da fanka. "Yallaɓai, ni na ce ɓera, kuma na janye. Ai wanda ya faɗa shi ke janyewa."

"Zauna, ko kai ma ka bi shi."

Dogo ya dubi Baba Kuku. Tsohon ya girgiza masa kai, ya yi masa alama da hannu ya zauna. Sannan ya laluba aljihu ya ciro makullin sito, wanda zaren da ke jikinsa ya yi baƙi don daɗewa, ya ajiye a kan tebur a gaban Manaja. Ya cire rigar aiki ya ninke ta sosai, hannu a kan hannu, ya ɗora a gefen makullin. Ya bi tebura ya karɓo kwalbarsa daga hannun wani da ke ƙoƙarin zuba kaɗan a aljihu.

"A buɗe siton a duba," in ji shi daga bakin ƙofa. "Wanda ya samu kashin ɓera ko ɗaya, ya kawo mini gida in ci a gabansa."

Ya fita. Ba wanda ya koma kan abincinsa sai da Manaja ya bar ɗakin.

Ranar Litinin da hantsi Maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofar kamfani ya ga ana sauke kaya daga amalanke a bakin titi: tebur, murhun gawayi, tukunya, buhun wake rabi. Matar Baba Kuku ce ke ba da umarni, tana faɗa tana cewa ita ba da yardarta aka yi wannan haukan ba, a matsar da murhun daga rana. Shi kuwa yana ɗaure wani kwali a ƙafar tebur. Da hannunsa ya rubuta, haruffan suna hawa suna sauka: WAKE DA AJAWAN A CIKI. AN GAYA MUKU.

Ba a jima ba Maigadi ya fito yana sosa ƙeya.

"Baba, ka yi haƙuri, aiko ni aka yi. Manaja yana kallo ta taga. Ya ce nan gaban kamfani ne, ka tashi."

"To. Ina filin kamfani ya tsaya?"

Maigadi ya duba ƙasa, ya nuna kwatar da ta bi gefen titi. "Daga kwatar nan zuwa ciki."

Baba Kuku ya duba. Ƙafafun tebur biyu suna kan murfin kwatar, biyu suna waje. Ya kama gefe ɗaya, ya ce wa Maigadi, "Kama mini can, ɗana." Suka ɗaga, suka ja shi baya taki ɗaya.

"Yanzu fa?"

Maigadi ya sunkuya ya duba da kyau. "Yanzu kam ba ka taɓa mu ba."

"Je ka gaya masa na bi umarni."

Ya juya teburin yadda kwalin zai fuskanci tagar ofis sosai, ya tsuguna ya fara hura gawayi.